Allin Bango Da Yatsan Yaro: Wata Dabarar Tsara Aikin Yini

Duk wanda ya saba ratsa lungunan Ƙauyen Alu, ko na Gyadi-Gyadi da sauran unguwannin Tarauni, ba zai rasa ganin rubutun alli a bango ko a ƙyauren gidaje ba, lambobi da alamomi, sabo a kan tsoho. Ma'aikatan rigakafin shan inna ne ke yinsa, don a san an zo gidan, da ranar da aka zo, da yawan yaran da aka ɗiga wa magani. Galibinmu mukan wuce ba mu ko ɗaga kai ba. Amma fa labarin wannan alli ya shafi kowane akawu da kowane malamin makaranta, shi ya sa muka ɗauko shi yau.

Masu karatu za su tuna a 2003 aka dakatar da rigakafin nan a Jihar Kano saboda shakkar maganin, sai cikin watan Yuli na 2004 aka koma. Bayan an koma, ma'aikata ba su zauna ba. Zagaye bayan zagaye suna fita, gida gida, cikin rana da ƙura, bango na shan alli, takardun lissafi na cika, kuma in aka tara lissafin sai a ga kamar ba yaron da ya tsira. Duk da haka cutar ta ƙi barin ƙasa, har a 2006 yaran da ta shanye a Nijeriya sun haura dubu. Ina gizo ke saƙar? Takarda tana ƙirga gidajen da aka shiga da ɗigon da aka ce an yi, alhali abin da ake nema shi ne yaro ya girma da ƙafafunsa. Yaron da ya bi uwarsa gidan biki, da wanda aka ɓoye a uwar ɗaka, da na rugar da ba ta cikin taswira, duk takarda ba ta san da su ba.

Sai masu shirin suka canza tambaya. Bayan kowane zagaye akan aiki waɗansu mutane dabam, waɗanda ba ruwansu da ma'aikatan farko, su shiga wurare shida a ƙaramar hukuma, su duba yara goma a kowane wuri, watau sittin ke nan. Ba su tambayar gida nawa aka shiga. Ƙaramin yatsan yaro suke dubawa, ko akwai tawadar da akan shafa wa wanda ya karɓi ɗigo. In marasa tawada sun yi yawa, ƙaramar hukumar ta faɗi, sai a koma a sake, kome kyan takardunta. Da ido ya koma kan yaro, aikin kansa sai ya sake kama. Aka lura iyaye da yawa na ƙin buɗe ƙofa don suna ganin zazzaɓi da gudawa ne ke kwantar musu da yara ba mai kulawa, sai aka riƙa kafa sansanin duba marasa lafiya a unguwanni, ana ba da waɗansu magunguna tare da ɗigon. Aka jawo masu unguwanni da dagatai da malamai cikin sha'anin. A 2012 an sami yara 122 da cutar a ƙasar nan, a 2013 aka sami 53, a 2014 shida kaɗai, kuma na ƙarshe a Jihar Kano a Sumaila ya bayyana, cikin Yulin 2014. Ran 25 ga Agusta, 2020 aka shaida Afirka ta rabu da asalin ƙwayar cutar, ko da yake ba a daina ɗigo ba, don akwai wani nau'inta da ke ɓulla inda rigakafi ya yi ƙaranci. Ba mu ce wannan ƙirga ita kaɗai ta kawo nasara ba, hannaye da yawa ne suka ɗauki jinkan, har da mata ma'aikata da aka kashe a bakin aiki a Kano cikin Fabrairun 2013, Allah ya jiƙansu.

To, mu dawo ofis da aji. Kowannenmu yana da nasa allin. Tun zamanin En'e, kafin a mai da ita ƙananan hukumomi a 1976, akawu ya gaji al'adar auna yininsa da yawan fayil ɗin da suka bar teburinsa. Ya rubuta "a duba a kawo", ya tura gaba, ya ɗauki na biye, in la'asar ta yi ya tashi a gajiye, zuciyarsa fes. A ce wani tsoho ya taso daga Ƙauyen Alu yana neman takardar filinsa. Fayil ɗinsa ya zaga tebur bakwai, kowane tebur ya yi aikinsa, an sa hannu, an buga hatimi, amma tsoho ya koma gida hannu rabbana, kuɗin motarsa ya tafi a banza, kuma jibi zai dawo. Wa za a kama da laifi? Kowa allinsa na bango. Haka malami yakan rubuta cikin littafin shirin darasi cewa ya gama babi na huɗu, hedimasta ya sa hannu, alhali in aka tsai da yara goma a ƙofar aji aka ba su lissafin raba lamba, watakila uku ne za su fita. Hausawa sun riga sun faɗa, ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

Dabarar da za mu kawo ba ta bukatar kome sai guntun takarda da fensir. Wani ma'aikacin kamfanin Microsoft a Amurka, J. D. Meier, ya bayyana irinta cikin wani littafi da ya fitar a 2010, amma kowane manomin kirki ya san gindinta, don ba a yabon noma da yawan kunya sai da damin da ya shiga rumbu. Da safe, tun kafin ka buɗe fayil ko ka ɗauki alli, ka rubuta abu uku da kake so su tabbata kafin ka tashi. Uku kawai, gama in taura biyu ba ta taunuwa, ina ga goma sha biyar? Asirin yana wajen yadda za ka rubuta su. Kada ka rubuta abin da hannunka zai yi, rubuta halin da wani zai kasance ciki bayan ka yi. Maimakon "duba fayil ɗin fansho", ka sa "matar marigayi ta san ranar da za a biya ta". Maimakon "koyar da raba lamba", ka sa "yara takwas cikin goma da zan zaɓa ba shiri sun raba 84 gida huɗu". Ka ga na farko ana iya cika shi mutum na gyangyaɗi, na biyu kuwa tilas sai ka tashi ka bi fayil ofishin gaba, ko ka bar allo ka zaga tsakanin yara kana duba littattafansu.

Meier ya ƙara da cewa ran Litinin a rubuta uku na mako, ran Jumma'a kuma a waiwaya a ga abin da ya yi kyau da abin da ke son gyara. Mu nan da Jumma'a ba ta cika zama cikakken yinin aiki ba, a ganina gara a yi waiwayen ran Alhamis da yamma, don a sami safiyar Jumma'a ta cike giɓi.

Na san abin da wani akawu zai ce: "Malam, ai ni ba a tambayata wa na biya wa bukata, rajista ake dubawa, kuma in shugaba ya kira dole in ajiye kome." Gaskiyarsa. Rajista ba ta ajiyuwa, kiran sunan yara da safe ba ya ajiyuwa, ma'aikatan rigakafi ma ba su daina rubutu a bango ba, don in ba alli ba a san gidan da aka tsallake. Abin da takardar nan ke yi shi ne ta nuna maka inda za ka zuba sa'o'i biyu ko uku da suka rage a hannunka bayan tilas ta ci rabonta, kuma ta ba ka bakin magana. In an ɗora maka sabon aiki, kana iya nuna ta cikin ladabi ka ce, "Ranka ya daɗe, ga ukun da na sa gaba yau, wanne zan jinkirta?" Shugaba mai hankali ba zai ji haushin wannan tambaya ba.

Sauran haɗari guda, shi ne babba. An sha kama ma'aikatan da ke shafa wa yaro tawada ba tare da ɗigo ba, don su huta da gardamar iyaye, masu dubawa kuma su ga yatsa su wuce. Watau sakamakon ma ana iya mai da shi alli. Malami na iya zaɓen yaran layin gaba kullum ya ce takwas sun iya, akawu na iya rubuta abu uku masu sauƙi waɗanda ko bai zo ofis ba za su faru. Wannan takarda kuwa ba sufeton da zai zo duba ta, daga kai sai Ubangijinka. Saboda haka yaran da za ka gwada, ka ɗebo su daga layin baya da bakin taga. In kuma yamma ta yi abu ɗaya cikin ukun bai tabbata ba, kada ka soke shi, ka rubuta dalili a gefensa da kalma biyu ko uku, "ma'aji ba ya nan" ko "yara ba su iya ninkawa ba tukuna", sa'an nan ka ninke takardar ka sa aljihu, gobe da safe da ita za ka fara.