Zagayen Mont Blanc: A Fara Da Neman Gado

Zagayen dutsen Mont Blanc tafiyar ƙasa ce ta kusan kilomita 170 da ke ratsa Faransa da Italiya da Suwizalan, yawanci cikin kwana 10 ko 11. Masaukan kan dutse na ba da abincin dare da karin kumallo, saboda haka jaka ba ta nauyi. Sai dai daga tsakiyar Yuni zuwa Satumba suke buɗewa, kuma gadaje kan ƙare tun watanni kafin nan. Inda aka samu gado, nan zango yake.

Hawan ya fi nisan wahala, domin jimillarsa ta kai kusan mita 10,000, gangara kuwa gwiwa take ci. A riƙe tsabar kuɗi, wasu masaukan ba sa karɓar kati.