Saƙa tsumman sauke tukunya a kan ƙaramar masaƙa: abin da ya kamata ku sani

A gidaje da yawa a Shanga da Yelwa da Wara, idan lokacin sauke tukunya ya yi, duk abin da hannu ya fara kaiwa gare shi da shi ake kama ta: gefen zane, bakin hijabi, ko guntun kwali. Wannan al'ada tana ƙona mutane, kuma maganinta ba ya da tsada. Da katako huɗu da ƙusoshi da ƙyallayen da tela ke zubarwa, za ku iya saƙa tsumma mai kauri wanda aikinsa ke nan kawai.

Mece ce wannan masaƙa?

Idan an ce masaƙa, tunaninku zai tafi ga ta gargajiya, mai ƙoshiya da dogon zaren wadari, wadda ake saƙa fari da saƙi a kanta. Wannan ba ta kai can ba. Katako ne guda huɗu da aka haɗa suka yi murabba'i, wato kowane gefe tsawonsa ɗaya da ɗan'uwansa, aka jera ƙusoshi a kansu. A kan cinya ake ɗora ta.

A Amurka ta yi farin jini a shekarun 1930, lokacin da tattalin arziki ya karye. Masana'antun safa suna zubar da zobban ƙyalle da suka rage bayan ɗinki, sai aka ga ana iya saƙa su. Wadda aka fi sani a can faɗinta inci 7 ne, wajen santimita 18, da turaku 18 a kowane gefe. Kafintan unguwarku zai iya yin irinta da guntayen katako da ƙusa 72, tazarar kamar santimita ɗaya tsakanin ƙusa da ƙusa. Ku ce masa ya zaɓi ƙusa mai ƙaramin kai, don mai babban kai tana riƙe ƙyalle lokacin cirewa.

Wane ƙyalle ya dace?

Nan ne ya kamata ku fi natsuwa, domin ƙyallen da bai dace ba ya fi rashin tsumman haɗari. Ku nemi auduga zalla. Auduga idan zafi ya yi mata yawa babbakewa take yi, ba ta narkewa. Poliyesta da nailan kuwa, waɗanda muke kira yadin roba, daga man fetur ake yin zarensu. Poliyesta tana narkewa a wajen digiri 250 na ma'aunin Salshiyas, kuma gindin kaskon da ke kan itace ko gawayi yana iya wuce haka. Idan ta narke sai ta manne wa fata ta ci gaba da ƙona ta. Yawancin hijaban kasuwa da irin wannan yadi aka ɗinka su, shi ya sa kama tukunya da bakin hijabi yake tayar mini da hankali. Ga narkewa, ga kuma harshen wuta da zai iya bin mayafin har jiki.

Za ku ce, to yaya zan gane auduga, tunda mai sayar da yadi ko ɗan gwanjo ba lallai ya sani ba? Ku yanki ɗan guntu kamar faɗin farce, ku riƙe shi da waya, ku kanga masa ashana a waje, da ruwa kusa. Auduga za ta ci wuta da warin takarda, ta bar toka mai laushi da ke murmushewa a yatsa. Yadin roba zai ƙanƙance ya guje wa wutar, ya yi wari mai hawa kai, ya bar baƙin ƙullutu mai tauri. Atamfa ma a gwada ta, don akwai masu arha da aka gauraya da roba.

Yaya ake saƙar?

Abin da ya fi sauƙin aiki shi ne tsohuwar singileti mai hannu ko safar auduga, saboda suna talewa. Ku yanka hannun rigar ko ƙafar safar a kwance, faɗin yatsa guda, sai ku sami zobba. Idan atamfa ce, ku yanka ta siri-siri ku ɗinke bakin biyu ta zama zobe daidai faɗin masaƙar. In ƙyallen ya yi kauri, ku riƙa tsallake ƙusa ɗaya.

Da farko ku rataya kowane zobe daga ƙusar sama zuwa wadda ke kallonta a ƙasa, har layin ya cika. Sannan ku lanƙwasa bakin waya mai ƙarfi ta zama ƙugiya, ku cusa ta a kwance, ta bi saman zobe ɗaya, ta bi ƙarƙashin na gaba, har ta fita ɗaya gefen. Ku maƙala sabon zobe a ƙugiyar ku jawo shi, ku rataya bakinsa biyu a ƙusoshin hagu da dama. A layi na biyu sai ku juya: inda kuka bi sama ku bi ƙasa. Duk wanda ya taɓa ganin saƙar tabarma ya riga ya san wannan. Ku riƙa matsa kowane layi da yatsa kusa da na baya, domin rami a saƙa ƙofa ce ga zafi. Layukan ƙarshe su ne masu wuya, wuri ya ƙure, sai haƙuri.

Wajen rufe baki, ku fara daga kusurwa. Ku cire madauki na farko da na biyu daga ƙusa, ku zura na biyu cikin na farko, na uku cikin na biyu, irin sarƙar da masu kwarashi ke yi, har ku zagayo. Madaukin ƙarshe ku ɗaure shi, da shi za a rataye tsumman. Kada ku yi mamaki in ya ɗan ƙanƙance bayan cirewa, haka yake yi.

Wa zai amfana, kuma nawa zai ci?

Kamun kifi tsohuwar sana'a ce a wannan yanki na gaɓar kogin Neja, kuma tun da aka kammala madatsar Kainji a 1968 tafkin da ta samar ya ƙara wa sana'ar faɗi. Matan da ke banda da suyar kifi suna wuni suna juya raga da kasko mai zafi. Su ne na farko. Sai masu ƙosai da masu abincin sayarwa a tasha, da 'yan mata da ake fara koya wa girki. Don babbar tukunyar biki, ku haɗa tsumma biyu ku ɗinke su, kuma ku tanadi na kowane hannu.

Kuɗin da za ku kashe na ƙusa ne da ladan kafinta, sau ɗaya, masaƙar kuma za ta daɗe tana aiki. Ƙyalle akwai shi a ƙasan keken kowane tela. Mai son sayarwa ta fara da maƙwabta masu suya, don su ne za su gaya mata gaskiya ko kaurin ya isa.

Akwai abin da zan kiyaye?

Kada ku taɓa kama tukunya da jiƙaƙƙen tsumma. Ruwa yana ɗaukar zafi ya kai shi hannu nan take, har ya zama tururi a tafinku. Wanda ya sha mai ku wanke shi da sabulu, don mai yana kama wuta. Ku rataye shi nesa da bakin murhu, kuma da zarar ya babbake ko ya huje, ku saƙa wani.