Firji da Mota: Jarin Iyali a Zangunan Ƙasar Gana

A gidajen haya na unguwar Nima da ke birnin Akra, inda iyalai da dama ke zaune a tsakar gida ɗaya, ranar da aka sauke firji daga mota rana ce ta kowa da kowa. Yara kan yi dafifi, maƙwabta su fito su yi Allah ya sanya alheri, mai gidan kuwa ya tsaya daga gefe yana lissafin abin da zai ƙaru a kuɗin wuta. Haka al'amarin yake a Mamobi da Madina da Ashaiman, da kuma zangunan birnin Kumasi, domin a irin waɗannan unguwanni firji jari ne. Da shi uwargida ke sanyaya zoɓo da lamurji da fura da ruwan leda, kuma daga cinikinsu ne kuɗin cefane da na makarantar yara ke fitowa.

Kafin a kai ga wannan rana, an daɗe ana tari. Mata da yawa kan zuba adashi, wanda mutanen ƙasar ke kira susu, inda mai karɓa ke zagayawa kullum yana amsar abin da ya sawwaƙa, a ƙarshen wata ya riƙe zubin kwana ɗaya a matsayin ladansa. Wasu iyalan kuma kan dogara ne ga ɗa ko ƙane da ke aiki a unguwar Bronx ta birnin New York, ko a Hamburg da Landan. Saboda haka idan abin da aka saya ya lalace, asarar takan shafi mutane da yawa, har da na ƙetare.

Hanyoyin lalacewar kuwa ba su da wuyar samu. Kayan lantarkin da ake aikowa daga Amurka an ƙera su ne don wuta mai ƙarfin bolt 120, alhali ta Gana 230 ce. Duk gidan da aka yi ɗokin jona dutsen guga ko injin markaɗe ba tare da na'urar rage ƙarfin wuta ba, hayaƙi ne ke biyo baya, sannan a shiga shawarar yadda za a shaida wa wanda ya aiko. A gidajen da ke da mita ɗaya kuma, akan raba kuɗin wuta bisa yawan kayan da kowane ɗaki ke da su, a ƙidaya ƙwan lantarki da fanka da talabijin da firji, kowanne da nasa maki. Ba ƙaramar husuma kan tashi ba idan aka gano wani ya ɓoye abin dafa ruwa a ƙarƙashin gado.

Babbar jarrabawar dai ita ce ta shekarun 2012 zuwa 2016, lokacin da ƙasar ta yi fama da matsanancin ƙarancin wutar lantarki, abin da aka laƙaba wa suna dumso, wato kashe da kunna a harshen Tuwi. Ruwa ya ja baya a madatsar Akosombo, sannan a watan Agustan 2012 aka lalata bututun da ke kawo iskar gas daga Nijeriya a gaɓar tekun Togo. A shekarar 2015 sai da ta kai ana ɗauke wuta sa'o'i 24, a kawo ta sa'o'i 12. Nama da kifi sun ruɓe, ƙanƙara ta narke, kuma sau da yawa dawowar wutar ta fi ɗaukewarta ɓarna, domin takan zo da ƙarfin da ke ƙona injin firji nan take. Tun daga lokacin ne magidanta da yawa suka ɗauki darasin cewa ba a sayen firji a bar na'urar daidaita wuta a kanti.

Shekara da shekaru, abin da talaka ke iya saye shi ne firji na hannu da ake jigilarsa daga Turai ta tashar jiragen ruwa ta Tema. Yana da araha, sai dai Hausawa sun ce araha ba ta ado. Yawancinsu an ƙera su ne don ƙasashe masu sanyi, sun kuma tsufa kafin su iso, don haka sukan sha wuta fiye da ninki biyu na abin da sabo ke sha. Gwamnati ta kafa dokar hana shigo da su a shekarar 2008, aka fara aiki da ita a farkon 2013. Hukumar Makamashi ta ƙasar ta kuma wajabta liƙa wa sababbi takarda mai taurari, yadda mai saye zai gane cewa yawan taurari na nufin ƙarancin shan wuta, ta kuma gudanar da wani shiri na karɓar tsohon firji a rage wa mai shi farashin sabo. Duk da haka, masu gyara a bakin titi ba su rasa aiki ba, domin wanda ke cin abinci daga cinikin yau ba ya iya jiran adashin baɗi.

Idan firji jarin uwargida ne, mota ita ce babban burin maigida, kuma a nan ne kasadar ta fi girma. Mafi yawan motocin da ke kan titunan Gana na hannu ne, daga Amurka da Kanada da Turai da Koriya ta Kudu. Da yawa daga cikin na Amurka an saye su ne a gwanjo bayan sun yi haɗari ko ruwa ya cinye su, a gyara su a fesa fenti su fito fes. A shekarar 2020 majalisar dokoki ta zartar da dokar hana shigo da irin waɗannan motoci da kuma waɗanda suka haura shekara goma, a daidai lokacin da kamfanin Volkswagen ya fara harhaɗa motoci a Akra, Toyota kuma ya biyo baya a Tema a 2021. Amma dillalai da masu sayar da kayan gyara sun yi ca, sai gwamnati ta jingine aiwatar da haramcin a wannan shekara.

Sayen motar ma rabin tafiya ne. Ana ƙiyasta kuɗin kwastan ne bisa darajar mota da dala, a biya da sidi. A shekarar 2022 dala ta tashi daga kimanin sidi 6 zuwa fiye da 14 kafin ƙarshen shekara, hauhawar farashi kuma ta kai kashi 54.1 cikin ɗari a watan Disamba. Iyalan da suka yi lissafinsu tun motar tana kan teku sun tarar da wani lissafin daban a Tema, ga kuma kuɗin ajiya na ƙaruwa kullum. Sidi ya farfaɗo a 2025, amma waɗanda suka sayar da fili ko suka ci bashi don fito da mota ba su manta ba.

Da wuya irin wannan mota ta zama ta yawon sallah kawai. Akan mayar da ita tasi, ko a ba wani matashi bisa yarjejeniyar ya riƙa kawo balas kowane mako har ya biya kuɗinta ta zama tasa. Ranar da giya ta ƙi shiga, ko ruwan damina ya cika kwata ya shiga injin, sai a nufi kasuwar kayan gyara ta Abossey Okai a Akra, ko unguwar makanikai ta Suame a Kumasi, inda 'yan zango da yawa suka koyi sana'a. Kowa ya sayi rariya dai ya san za ta zubar da ruwa.

Abin da dattawan zango ke nanata wa matasa bai wuce abu uku ba: a tafi da makanike ko mai gyaran da aka amince da shi kafin a biya, a karɓi rasiɗi da takardar garanti, sannan a ware kuɗin gyara tun ranar saye. Magidancin da ya kiyaye waɗannan, ko firji ya yi shiru da tsakar dare, gari na wayewa zai aika a kira mai gyara, ba mai ba da bashi ba.