Cutar Isa ta 2024 da buƙatar masana ƙwayar halitta a ƙasar Gobir

A watan Maris na 2024 hukumar NCDC ta samu rahoton wata baƙuwar cuta a ƙaramar hukumar Isa ta jihar Sakkwato: yara na kumburin ciki saboda taruwar ruwa, ga zazzaɓi da amai da rama. An lissafa mutum 164 a mazaɓu shida, kuma gwajin farko ya nuna dalma a jinin wasu.

Gano yadda guba irin wannan ke ɓarna aikin masu digiri na biyu da na uku ne a fannin ƙwayar halitta da nazarin jikin mai rai gaba ɗaya. A matakin ƙwaya, dalma tana kwaikwayon kalsiyam da zink, ta tare sinadaran da ke haɗa jan jini, ta kuma dagula saƙon jijiyoyin ƙwaƙwalwa, shi ya sa yaro ya fi babba shan wuya. A matakin jiki kuwa, mai bincike yana bin sawun gubar daga rijiya zuwa gero, zuwa hantar akuya, har cikin tuwon gida. Haka aka bi a Zamfara a 2010, inda gubar dalma ta kashe ɗaruruwan yara.

Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, wadda aka kafa a 1975, tana ba da waɗannan digirori. Matsalar ita ce samfuri: ɗalibi na buƙatar jini da ruwa da ƙasa daga ƙauyukan Isa da Sabon Birni, alhali 'yan bindiga sun hana shiga da yawa daga cikinsu.