Garaɓasar banki da sharaɗin kati: a yi lissafi kafin a sa hannu

Wani salon farautar abokan hulɗa da bankunan Amurka da na Turai suka daɗe suna yi ya cancanci ƴan kasuwa da ma'aikatanmu su san shi, tun da katin banki ya shiga aljihun jama'a daga Yamai har Damagaram. Banki zai ce wa mai asusu ya bar ƙaramin asusunsa ya hau babba, a zuba masa kyautar kuɗi, amma da sharaɗin ya yi sayayya da katinsa har ta kai wani adadi cikin ƴan watanni. Hausawa sun ce banza ba ta kai zomo kasuwa, saboda haka ya kamata a san inda ribar banki take.

Ribar tana fitowa ta ƙofa biyu. Duk lokacin da aka biya da kati a kanti ko gidan mai, mai kantin ne ke barin wani ɗan kaso, bankin da ya ba da katin kuma yana da rabonsa a ciki. Ƙofa ta biyu ita ce kuɗin kula da asusu, wanda ya fi tsada a babban asusu, kuma ana cire shi kowane wata, alhali kyautar sau ɗaya tak ake ba da ita.

Mu ɗauki misali. A ce kyautar jika 20 ce ta sefa, sharaɗin kuma a kashe jika 300 da kati cikin wata 3, sannan kuɗin wata ya tashi daga jika 2 zuwa jika 5. Ƙarin jika 3 ke nan kowane wata. A wata na 7 ƙarin ya cinye kyautar baki ɗaya, shekara na cika kuwa an biya jika 36 don a karɓi 20.

Sai batun inda za a kashe kuɗin. Galibin irin wannan tayi ba ya lissafa kuɗin da aka ciro daga na'urar banki, sai abin da aka saya da katin kai tsaye. To, a babbar kasuwar Maraɗi, ko kasuwar Dole ta Damagaram, ko Katako a Yamai, buhun hatsi da turmin atamfa da kwanon rufi kuɗi hannu ake sayen su. Na'urar karɓar kati ta fi yawa a otel, manyan kantuna da wasu farmasi, inda kaya suka fi tsada. Magidancin da ya bar mai tebur na unguwarsu ya koma babban kanti don kawai ya cika sharaɗi, bambancin farashi kaɗai na iya lashe kyautar.

Ma'aikacin gwamnati shi ya fi kowa shiga haɗari. Albashinsa sananne ne, ga kuɗin haya, ga na lakwal, ga cefane. In wa'adi ya matso bai cika adadin ba, yana iya sayen abin da ba ya bukata, har ya ci fiye da abin da ke cikin asusunsa, banki ya ɗora masa kuɗin ruwan nan da ake kira agios.

Akwai kuma haƙƙin da mutane da yawa ba su san suna da shi ba. Tun ranar 1 ga Oktoba 2014, babban bankin BCEAO ya wajabta wa bankunan ƙasashe 8 na UEMOA, har da Nijar, su yi ayyuka 19 kyauta. Daga ciki akwai buɗe asusu da rufe shi, saukar albashi, cirar kuɗi a na'urar bankinka, biya da kati cikin ƙasashen ƙungiyar, da takardar bayanin asusu sau ɗaya a wata. In an jera maka waɗannan cikin alfanun babban asusu, ana sayar maka da abin da yake naka ne tun farko.

Wanda tayin zai amfana shi ne wanda dama da kati yake biyan mai, otel da tikitin jirgi, kamar ɗan kasuwar da ke zirga-zirga tsakanin Yamai da Lome ko Abijan, kuma yake bukatar a ɗaga masa iyakar abin da zai iya biya a rana.

Kowa dai, kafin ya sa hannu, ya nemi takardar farashin banki, ya tambayi abu huɗu: nawa ne sabon kuɗin wata da na katin a shekara, wace sayayya ake lissafawa, yaushe kyautar za ta shiga, kuma ko ana iya komawa tsohon asusu ba tare da an karɓe ta ba. A ba shi amsa a rubuce, domin ranar gardama takarda ake dubawa, ba a duba abin da aka faɗa a bakin gishe.