Hoton Kwazazzaban Abzin Ma Haja Ne

Duk wanda ya yi ciniki a rumfunan masu sana'ar hannu na gidan tarihi na Bubu Hama ko na Wadata, a nan Yamai, zai iya tuna lokacin da Turawa 'yan yawon buɗe ido ke shigowa da 'yar kyamara rataye a wuya. Kafin su taya jakar fata ko sarƙar azurfa, sai sun nuna mana abin da suka ɗauko a arewa: duwatsun Abzin, kwazazzabai masu zurfi da ruwa ya yanka tun zamanin da, da rairayin Tenere. Mu kan yi dariya, mu ce mutum ya baro ƙasarsa don kallon dutse. Alhali waɗannan hotuna su ke kawo mana ciniki, domin kowane baƙo ya koma gida sai ya nuna wa danginsa, baɗi kuma su ma su zo.

Wuraren kuwa sun cancanci a zo dominsu. A Timiya, sama da kilomita 200 arewa da Agadas, ruwa na gangarowa daga kan dutse zuwa wani tafki a tsakanin baƙaƙen duwatsu, ga lambunan lemu da rumman a gefe. Dutsen Bagzan ya kai mita 2,022, babu wanda ya fi shi tsawo a Nijar. A Dabus, kan hanyar Arlit, akwai zanen raƙuman dawa da mutanen da suka sassaƙa a jikin dutse, babban ya haura mita 5. Hukumar UNESCO ta sa Abzin da Tenere cikin kayan tarihin duniya a 1991, ta ƙara da tsohon garin Agadas a 2013.

Sai dai baƙin sun ɗauke ƙafa. Tawayen da ya ɓarke a 2007, da sace ma'aikata a Arlit a 2010, da kisan mutum 8 a Kure a watan Agusta na 2020, duk sun taru sun kashe kasuwar. Maƙeran azurfa da dukawa da mata masu saƙar tabarmi su suka fi jin jiki.

To, tunda mai ɗaukar hoton bai zuwa, me zai hana mu ɗauka da kanmu? Mu ne ke bin hanyar Agadas ɗin nan, kusan kilomita 950 daga Yamai, muna sarin albasa da dankalin Turawa da gishirin Bilma. Yau kuma ba a bukatar fim mai hoto 36 da sai an kai wanki. Ƙaramar kyamara mai shiga aljihu ta isa, wayar salula mai kyau ma tana yi. Hajiyar da ke tallar kayanta ta WhatsApp, in ta haɗa hoton jaka da hoton kwarin da aka yi ta, mai saye a Abidjan ko Faransa zai san ba kayan kanti ba ne.

Amma kwazazzabo yana da wuyar sha'ani. Idon mutum na ganin hasken sama da duhun ƙasan kwari lokaci guda, ƙaramar kyamara kuwa ba ta iyawa: ko sama ta fito fara fat, ko ƙasan ya zama baƙi ƙirin. Maganinsa shi ne a guji tsakar rana. A ɗauka da sassafe bayan fitowar rana, ko bayan la'asar sakaliya, lokacin da haske ke zuwa a karkace, dutsen ya yi ja, kowace tsaga ta fito. In ana cikin kwarin, gara a rage sama a hoton, a cika shi da bangon dutse. A kuma sa mutum ko raƙumi ko bishiyar dabino a ciki, in ba haka ba mai kallo zai zaci tsaunin nan tudun shara ne na bayan Katako.

Ƙura ce babbar abokiyar gaba. Kyamarar da idonta ke fitowa yana komawa, ƙwayar yashi ɗaya na iya maƙale shi. A ajiye ta cikin leda a ɗaure, kada a goge gilashin da bakin rawani ko gyale. Sanyin dare na Disamba da Janairu yana shanye batir, don haka a kwana da shi cikin aljihun riga. Lokacin hazo hoton nesa ba ya fita. Ƙarshen damina ya fi, iska ta wanke, ruwan Timiya kuma na zuba.

Saura batun mutunci da tsaro. Kada a ɗauki matar Abzinawa ko makiyayi a bakin rijiya sai da izininsu. Shingen sojoji da ayarin motocinsu da filin jirgi kuwa, ko kusa kada a nuna su da kyamara, don ana iya ƙwace ta, mai ita ma ya kwana yana amsa tambayoyi. Wanda zai bar kwalta ya shiga cikin duwatsu, ya fara neman izinin hukuma a Agadas, ya kuma ɗauki ɗan jagora ɗan ƙasa wanda ya san inda rijiyoyi suke.