Share Fagen Shiga Jami'a: Matsayin Kwasa-kwasan Dogon Hutu ga Ɗaliban Sakandare

Duk wanda ya bi Titin Zariya a birnin Kano, daga Dangi ya nufi Unguwa Uku, lalle zai wuce ta ƙofar Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, wanda aka kafa a 1988. A cikin wannan asibiti ne ɗaliban Jami'ar Bayero masu koyon aikin likita suke yin shekarunsu na ƙarshe. Watau ke nan wani sashe na jami'a yana zaune a tsakiyar Ƙaramar Hukumar Tarauni, maƙwabcin Gyaɗi-Gyaɗi da Darmanawa. Amma duk da wannan kusanci, yaro yakan tashi a waɗannan unguwanni, ya gama sakandare, bai taɓa shiga ɗakin lacca ba, bai san bambancin sashe da tsangaya ba, bai kuma taɓa zama da wani malamin jami'a ya yi masa tambaya ba. Asibitin a wurinsa wajen kai marar lafiya ne kurum. Wannan rata da ke tsakanin sakandare da jami'a, da hanyoyin da aka bi a ƙasashen waje da nan gida don cike ta, su ne abin da wannan lacca za ta duba.

Yadda abin yake a ƙasashen Turawa

A Amurka da Ingila akwai al'adar jami'a ta gayyato ɗaliban sakandare su zauna a cikinta lokacin dogon hutu, daga mako ɗaya zuwa shida. Sukan kwana a ɗakunan kwanan ɗalibai, su ci abinci a inda ɗalibai ke ci, su saurari lacca, su shiga ɗakin gwaje-gwaje da laburare, a kuma ba su aikin rubutu irin na jami'a a duba musu. Wasu masu fassara sukan kira wannan da sunan kwas ɗin bazara, amma fassarar ba ta zauna ba. Hutun yakan faɗo ne a watannin Yuli da Agusta, lokacin da a ƙasar Hausa damina ta yi tsaka. Kiransa kwas ɗin dogon hutu ya fi dacewa.

Mafi shahara daga cikin irin waɗannan shirye-shirye shi ne wanda ake kira Upward Bound a Amurka. Ya samo asali daga wata doka ta yaƙi da talauci da aka kafa a 1964, zamanin Shugaba Lyndon Johnson, aka fara gudanar da shi a 1965. Sharaɗinsa shi ne kashi biyu cikin uku na yaran da za a ɗauka su zama 'ya'yan masu ƙaramin ƙarfi waɗanda kuma iyayensu ba su da digiri. Yaro yakan yi kimanin mako shida a jami'a lokacin hutu, sa'an nan a ci gaba da bibiyarsa da darussa da shawarwari bayan an koma makaranta. A Ingila kuwa, wata gidauniya mai suna Sutton Trust, wadda Sir Peter Lampl ya kafa a 1997, ta fara da kai 'ya'yan makarantun gwamnati Jami'ar Oxford su yi mako guda kyauta, daga baya wasu jami'o'in suka shigo ciki.

Dalilin waɗannan shirye-shirye ɗaya ne. Ɗan da ubansa ko yayarsa suka yi jami'a yana samun wani ilmi a gida wanda ba a koyarwa a aji: yadda ake zaɓen fanni, yadda ake cike takarda, wane malami ake tuntuɓa, me ake nufi da maki da darajar digiri. Ɗan da shi ne na farko a gidansu ba shi da mai gaya masa, ko da kuwa ya fi wancan ƙwaƙwalwa.

Sai dai bai kamata a ɗauki abin tamkar sha-yanzu-magani-yanzu ba. Gwamnatin Amurka ta sa an yi dogon bincike a kan Upward Bound, rahoton ƙarshe ya fito a 2009, kuma bai nuna wani bambanci na a-zo-a-gani ba wajen yawan shiga jami'a tsakanin yaran da suka shiga shirin da waɗanda ba su shiga ba, in aka haɗa su jimla. Amfanin ya fi bayyana ga waɗanda suka daɗe cikin shirin. Wasu masana sun soki hanyar da aka bi wajen lissafin, har yanzu kuma ba a gama muhawarar ba. Abin da za a iya ɗauka daga ciki shi ne, ziyarar 'yan kwanaki ba ta gyara raunin shekara shida. Har ila yau, akwai kwasa-kwasan hutu na kuɗi da manyan jami'o'in Amurka ke yi, waɗanda ake biyan dubban daloli, alhali halartarsu ba ta ba yaro tabbacin gurbi a jami'ar. Wannan ciniki ne, ba ya cikin abin da ake magana a kai.

Hanyar da Arewa ta bi

A Arewacin Nijeriya matsalar ta zo da wata kama dabam, don haka maganin ma ya bambanta. Lokacin da aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya a watan Oktoba na 1962, hanyar shiga jami'a ita ce ɗalibi ya ƙara shekara biyu bayan aji biyar na sakandare, ya ci babbar jarrabawar da ake kira H.S.C. ko makamanciyarta. Makarantun Arewa masu wannan aji na shida ba su da yawa. Sai aka wayi gari ga jami'a an gina, amma 'ya'yan yankin da suka cika sharaɗin shigarta 'yan ƙalilan ne.

Abin sha'awa, ita kanta Jami'ar Bayero daga share fage ta faro. A 1960 aka buɗe wata kwaleji mai suna Kwalejin Ahmadu Bello a cikin Makarantar Koyon Larabci ta Kano, aikinta shi ne shirya waɗanda suka gama sakandare don babbar jarrabawar shiga jami'a. A 1962 aka sake mata suna zuwa Kwalejin Abdullahi Bayero, ta zama reshen jami'ar Zariya, ta ɗauki ɗalibanta goma na farko masu neman digiri a 1964, ta kuma zama jami'a mai cin gashin kanta a 1977 a ƙarƙashin Dr Mahmud Tukur. A Zariya kuwa, zamanin shugabancin Farfesa Ishaya Audu, jami'a ta buɗe makarantarta ta share fage a cikin harabarta, inda ake ɗaukar ɗalibi kai tsaye daga aji biyar. Wannan makaranta ta yi abu biyu a lokaci guda. Ta cike masa gibin karatu, ta kuma saba masa da zaman jami'a tun kafin ya zama ɗan jami'a, domin laburare ɗaya suke shiga da manya, malamai kuma kusan ɗaya ne. Daga nan jihohi suka kafa nasu kwalejojin share fage, har da Jihar Kano, a 1976 kuma aka kafa hukumar jarrabawa ta IJMB a ƙarƙashin kulawar Jami'ar Ahmadu Bello don daidaita su. Har gobe wanda ya ci wannan jarrabawa yana iya shiga aji biyu na jami'a kai tsaye. Da yawa daga cikin manyan ma'aikata da malaman jami'a na Arewa ta wannan ƙofa suka bi.

Jihar Kano ta ƙara da wata dabara tata. A 1977 ta buɗe makarantun sakandare na kimiyya a Dawakin Kudu da Dawakin Tofa, inda ake tace yara ta hanyar jarrabawa daga sauran makarantu, a tara su wuri guda da ƙwararrun malamai da kayan gwaje-gwaje. Manufar ita ce jihar ta samu likitoci da injiniyoyi 'yan ƙasa, kuma ko shakka babu an samu. Darasin da ke cikin wannan shi ne, gyaran da aka fara tun yaro yana sakandare ya fi wanda aka jira sai ya faɗi jarrabawa.

Halin da ake ciki a unguwanni

Tun da aka kafa hukumar JAMB a 1978, aka kuma koma tsarin shekara uku-uku na sakandare a shekarun 1980, aji shida ya kau, ɗalibi ya koma tsallakawa daga sakandare zuwa jami'a kai tsaye. Abin da ake bukata gare shi shi ne kiredit biyar, ciki har da Turanci, a jarrabawar WAEC ko NECO, da maki mai kyau a jarrabawar JAMB, wadda ake yi a darussa huɗu bisa maki 400, kuma tun 2015 da kwamfuta kaɗai ake yin ta. A 2024 kimanin kashi uku cikin huɗu na waɗanda suka zauna mata ba su kai maki 200 ba.

Wannan ya sa dogon hutu a unguwanni irin su Gyaɗi-Gyaɗi, Tarauni, Daurawa da Hotoro ya zama lokacin lesin. Makarantu masu zaman kansu sukan buɗe azuzuwan hutu, akwai wuraren koyon danna kwamfuta don jarrabawa, ƙungiyoyin ɗalibai na unguwa kuma sukan ari ajin firamare su koyar da ƙannensu kyauta ko da ɗan abin alli. Ƙungiyar Ɗalibai Musulmi ta Nijeriya, wadda aka kafa a 1954, ta daɗe tana shirya zaman hutu inda 'yan sakandare ke cuɗanya da 'yan jami'a, ko da yake manufarsa tarbiyyar addini ce. Duk waɗannan suna da amfani, masu yin su kuma sun cancanci yabo, musamman matasan da ke ba da hutunsu ba tare da an biya su ba. Amma kusan dukkan lesin ɗin nan fuska ɗaya ya dosa, watau cin jarrabawa. Ana bitar tsofaffin tambayoyi, ana haddace amsa. Ba a cika samun mai zaunar da yaro ya bayyana masa abin da ake karantawa a fannin haɗa magunguna, ko bambancin injiniyan gine-gine da mai zanen gini, ko aikin da mai digirin ilmin ƙasa yake yi ba.

Sakamakon haka a bayyane yake duk shekara. Yara masu yawa sukan rubuta aikin likita ko lauya domin su kaɗai suka sani, alhali guraben kaɗan ne, sauran fannoni kuma na neman ɗalibai. Wani yakan haɗa darussan da ba su dace da fannin da ya nema ba, ya ci maki mai yawa amma ya rasa gurbi, shekara ta tafi a banza. Wanda ya samu shiga kuma yakan tarar da aji mai ɗaruruwan mutane, malami na magana da Turanci ba ya rubutu a allo, ba mai tambayarsa ko ya zo ko bai zo ba. Shekarar farko ita ce mai kayar da mutane, makinta kuma yana bin ɗalibi har ranar da zai karɓi digiri.

Daɗin daɗawa, a ƙa'idar ɗaukar ɗalibai ta jami'o'in tarayya, kashi 45 cikin ɗari na cancanta ne, kashi 35 na jihohin da ke kewaye da jami'ar, kashi 20 kuma na jihohin da aka ƙidaya a baya wajen ilmin boko, Kano tana cikinsu. Wannan ƙa'ida tana buɗe wa ɗan Kano ƙofa, amma ba ta shirya shi ga abin da zai tarar a ciki.

Abin da zai yiwu da abin da zai hana

Ba sai an kwaikwayi Amurka ƙafa da ƙafa ba. Kwana a jami'a shi ne ya fi cin kuɗi, shi ne kuma zai sa iyaye da yawa su hana 'ya'yansu mata zuwa. A birni kamar Kano ana iya yin kwas na jeka-ka-dawo, na mako biyu ko uku, tunda ɗan Gyaɗi-Gyaɗi da ƙafa ma zai isa asibitin koyarwa, tsohuwar harabar Jami'ar Bayero da sabuwar da ke Titin Gwarzo kuma tafiyar mota ɗaya ko biyu ce. Malamai ma ba za su yi wuya ba in aka haɗa da ɗaliban ajin ƙarshe da masu yi wa ƙasa hidima, domin sau da yawa yaro ya fi sakin jiki ya tambayi wanda ya girme shi da shekara biyar.

Babban cikas shi ne kalanda. A Turai jami'a takan zama fayau a watan Agusta, ɗakuna da malamai duk suna da sarari. A Nijeriya yajin aikin malaman jami'a, irin na 2020 da ya kai wata tara da na 2022 da ya kai wata takwas, ya sha karkatar da zangon karatu, har ya zama hutun jami'a da na sakandare ba sa haɗuwa kullum. Saboda haka dole Ma'aikatar Ilmi da jami'a su zauna tun farkon shekara su tsayar da lokaci. Cikas na biyu shi ne zaɓe. In aka bar abin ga takardar wane da wane, 'ya'yan ma'aikata ne za su cika wurin, su kuwa su ne ba su da bukatarsa sosai. Ya kamata gurabe su tafi ga makarantun gwamnati, ta hannun shugabanninsu, a fifita yaron da babu mai digiri a gidansu, a kuma ware rabi ga 'yan mata.

Saura batun wane aji za a ɗauka. A Ingila 'yan ajin kusa da ƙarshe ake gayyata. A tsarin Nijeriya kuwa wannan ya yi latti, domin ana raba yara zuwa ajin kimiyya, na adabi da na kasuwanci tun shigarsu babbar sakandare, suna da shekara 14 ko 15. Wanda aka tura ajin adabi ba tare da ya san abin da ya bari ba, an rufe masa ƙofar likitanci da injiniyanci shekara uku kafin ya ga takardar JAMB. Don haka hutun da ya fi tsada shi ne wanda ke tsakanin ƙaramar sakandare da babba, kuma shi ne mafi tsawo, tunda 'yan aji uku sukan gama jarrabawarsu kafin sauran ɗalibai su tafi hutu. Zagaye na biyu sai ya zo a hutun da ke gaban shekarar ƙarshe, inda za a zauna da kowane yaro a duba darussan da zai haɗa da fannin da zai nema kafin a buɗe rajistar jarrabawa.